Inda Ajimi Ya Taka

Ni ne Garzali kafinta, kuma gara in faɗa muku tun yanzu ba ni da haƙuri, kada gobe wani ya ce ban gaya masa ba. Shekara talatin da huɗu na yi ina ƙera jiragen ruwa a bakin tafki a Baga. Mahaifina daga Kano ya zo da gizagonsa a kafaɗa, ni kuwa a can aka yanke mini cibiya, a can na auri Kellu, a can furfura ta same ni. Jiragen da suka fita daga hannuna, in na ce sun kai ɗari biyu ban yi ƙarya ba. Amma je ka tare duk wani mutumin Baga da ke zaune a Maiduguri yau, ka ce ya lissafa maka jiragen da ya sani. Zai ce maka jirgin Ajimi mai jan goshi, jirgin Ajimi da ya kwana uku a cikin guguwa bai nutse ba, jirgin Ajimi kaza da kaza. Jirgin Garzali kuwa ko da wasa ba za ka ji ba.

Ajimi matuƙi ne, Babarbare, sa'ana, dogo siriri mai ƙaramar murya. Ba zan ci amanar gaskiya ba, mutumin ya iya. Kafin inji ya zo tafki, ginshiƙi ake kafawa a cikin jirgi, a ɗaura masa babban ƙyalle da aka ɗinka da buhuna, iska ta cika shi ta tura jirgin. Wannan shi ne aikin Ajimi tun yana saurayi. Yakan dubi launin ruwa ya gaya maka iskar da za ta taso bayan azahar. Ciyawar tafki tana tafiya, hanyar da ka bi jiya yau ka tarar ta rufe, amma shi bai taɓa ɓata ba. Da inji ya shigo kowa ya yar da ƙyalle, shi kaɗai ya ƙi, ya ce ba zai hau abin da ke tari yana wari ba. Sai hakan ma ya ƙara masa suna. To, amma a kan me yake tsaye yana wannan gwaninta? A kan katakona. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, ni dai haka na ɗauki zamanmu, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ranar da yaran daji suka shiga Baga da bindigogi ba zan ba da labarinta ba, kowa yana da nasa. Mun dai iso Maiduguri da ƙafa, ni da Kellu muka samu ɗaki a Bulabulin wurin 'yan'uwanta, Ajimi ya sauka gidan 'yarsa a Mafoni. Na kafa 'yar rumfa a bakin layi ina buga benci da teburin mai shayi da ƙofar banɗaki. Hannun da ya lanƙwasa katako mai kamu ashirin, shi ne ya koma gyaran kujerar tsakar gida. Na ce to, ko ba komai yanzu mun zama ɗaya, babu ruwa balle a yi wa wani kirari. Ashe ƙarya nake yi wa kaina. Ajimi bai da jirgi, amma yana da baki. Ya samu gindin darbejiya kusa da wani mai shayi ya zauna yana ba da labarin tafki, mutane suka dinga cika wurin, har masu keken haya sukan kashe inji su tsaya su ji. Ba Ajimi kaza, Ba Ajimi kaza, wato Baba Ajimi a bakin Barebari. Kullum bayan la'asar kuma sai ya tako har rumfata, ya gaishe ni da Barbarci, wushe Mala Garzali, ya zauna a kan bencin da na buga, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. Abokina ne, ba ni da wani da ya fi shi, wannan ma shi ne abin haushin.

A shekara ta uku da zuwanmu Alhaji Nasidi ya zo da maganarsa. Dillalin banda ne, yana da masunta a dam ɗin Alau, bayan gari. Damuwarsa ita ce masu tsaro ba sa barin a wuce shinge da jarkar fetur, don kada man ya faɗa hannun yaran daji, saboda haka inji ya zama kwalliya, masuntansa sai ƙananan kwalekwale da filafili. Yana son babban jirgi irin na da, wanda iska ke turawa. Wurin wa ya fara zuwa? Wurin Ajimi, mai baki. Ajimi ne ya ce masa duk Barno babu mai ƙera masa wannan sai mutum ɗaya, ya riƙo hannunsa ya kawo shi rumfata. Wani zai ce ai alheri ya yi mini. Ni abin da na gani shi ne an zo neman kafinta an bi ta hannun matuƙi, kamar ni ne yaron shagonsa.

Duk da haka na karɓa. Shekarata sittin da biyar a lokacin, na san wannan shi ne jirgina na ƙarshe, kuma na ƙudurta a raina wannan karon da sunana za a kira shi. Ba na neman komai bayan wannan. Sau ɗaya dai kafin in mutu, in ji wani ya nuna abu a kan ruwa ya ce na Garzali ne.

Alhaji ya ba mu fili a bayan sitonsa a Mafoni. Kwana huɗu na yi a kasuwar katako ina ƙwanƙwasa kowane falle da ɗan yatsa ina saurare, har masu sayarwa suka fara cewa tsohon nan ko aljanu yake nema a ciki. Na shimfiɗa ƙasan jirgin, na jiƙa katakon gefe na gasa shi a kan wuta kaɗan-kaɗan har ya yarda ya lanƙwasu, na cusa auduga a kowace tsaga na bi ta da kwalta mai zafi. Warin kwaltar nan da ya bugi hancina ranar farko, sai da na juya baya na share ido, don kada a gani. Ajimi kuwa yana gefe a inuwa da buhunan masara da basilla, yana ɗinkin ƙyallensa. Idonsa ya fara yin yana, ba ya gani sosai, da lalube yake yi, wata biyu ya kwashe a kai. In na ɗaga kai sai in ga ya daina ɗinki yana sauraron gudumata yana murmushi.

Sai ga Malama Dorothy. 'Yar Biu ce, tana koyarwa a jami'a, tana bin tsofaffin da suka gudo daga tafki tana naɗar abin da suka sani kafin su tafi da shi kabari. Mace ce mai ladabi, har ƙasa take durƙusawa ta gaishe mu, ba ni da abin da zan ce ta yi mini da gangan. Amma kwana shida ta yi tana zuwa, kwana shidan nan a gaban Ajimi ta ajiye 'yar na'urarta. Yana gaya mata sunayen iska, yana gaya mata yadda ake gane tsibiri da tashin tsuntsaye. Ni ina bayansu ina fama da zarto, gumi har cikin ido. A rana ta shida ta ce tana son hoton Ba Ajimi a jikin jirgin, ta juyo ta ce da ni, Baba ko za ka ɗan matsa kaɗan, inuwarka tana shiga. Na matsa. Na matsa har bakin ƙofa, na tsaya da gudumata a hannu kamar wanda ya zo neman aiki.

Bayan mako guda muna cin tuwo da Kellu, rediyo a kan taga, sai muka ji ana cewa wani dattijo ɗan gudun hijira daga Baga, Ba Ajimi, yana ƙera jirgin ruwa irin na kakanni a Mafoni. Yana ƙerawa, haka mai labarin ya ce. Mutumin da in ka ba shi ƙusa da guduma sai ya fasa babban yatsansa. Lomar da ke hannuna na mayar cikin kwano. Kellu ta dube ni ta gefen ido, ta ce Malam ci abincinka, rediyo ba ya cika ciki. Na ce ai ba komai. Ta ce ba komai ɗin ne ya sa jijiyar wuyanka ta miƙe? Shekara arba'in tana kallona, ta san ciwona ko da ban taɓa kiran sunansa ba. Ta ce in abin ya dame ka, buɗe baki ka gaya masa mana, ba ɗan'uwanka ba ne? Na ce Allah ya kiyaye in roƙi abin da yake nawa.

Washegari Ajimi da kansa ya ta da maganar, yana dariya, wai 'yan rediyo sun mai da shi kafinta dare ɗaya, zai zo in koya masa riƙon zarto kada a kama shi da ƙarya. Dariyar nan ita ta ƙarasa ni. Abin da ya hana ni barci, shi a wurinsa abin raha ne. Na yi dariyar yaƙe na ci gaba da aikina, amma ƙyashi ya riga ya zauna mini a ƙirji daram.

Akwai al'adar da muka gada a bakin ruwanmu. Kafinta yana ƙera jirgi daga goshi har baya, amma ba shi ke zaɓen wurin da za a kafa ginshiƙin ƙyalle ba. In jiki ya kammala, matuƙi ne zai cire takalmi ya shiga ta baya, ya taka a hankali yana jin katakon a tafin ƙafarsa, inda ya tsaya cak sai kafinta ya zagaye ƙafar da gawayi. Nan za a dasa gindin ginshiƙi. Daga nan matuƙi ba ya sake shiga sai ranar da jirgin ya taɓa ruwa, kafinta kuma ranar ba ya hawa, a tudu yake tsayawa. Kowa ya yarda da aikin ɗan'uwansa, ma'anar ke nan. Sau fiye da hamsin na zagaye ƙafar Ajimi da gawayi, ban taɓa gusar da zanen ko da faɗin yatsa ba.

Ranar wata Alhamis ya yi takunsa. Ya rufe ido, ya tafi yana jan ƙafa, ya wuce, ya dawo baya kaɗan, ya tsaya. Na durƙusa na zana. Ina durƙushe a gabansa, Alhaji da mutanensa suna tsaye suna cewa masha Allah, kun ga ilimi, sai na ji haushi ya kama ni. Wata uku ina ƙona hannu da kwalta ba wanda ya ce masha Allah. Mutum ya yi taku goma sha biyu, ga shi ana neman a yi masa tafi.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci kowa ya tafi cin abinci, na koma filin ni kaɗai, rana tsaka. Na jiƙa tsumma na goge zanen. Na auna kamu ɗaya zuwa goshi, na cire takalmina na sa tawa ƙafar na zagaye. Na san sarai abin da hakan zai yi. Ginshiƙin da ya yi gaba da yawa yana danne goshin jirgi, ya sa shi ya riƙa juya wa iska baya, duk yadda matuƙi ya murɗa filafili ba zai saurare shi ba. Ba nutsewa zai yi ba, na gaya wa kaina, ai jikin nawa ne, ba ya nutsewa. Zai dai yi ta kewaye a gaban jama'a, a ga gwani yana kokawa, a yi 'yar dariya, a san cewa shi ma mutum ne. Kafin la'asar na dasa gindin na buge shi da manyan ƙusoshi. Ko ɗar ban ji ba a lokacin, gaskiya ke nan, daɗi ma na ji.

Aka sa ranar saukarwa bayan damina ta ɗauke, dam ya cika maƙil. Alhaji ya nemo takardar izini, aka ɗora jirgin a babbar mota. Na lura an ɗaure tabarma a goshinsa ta gefen dama, na tambaya, direba ya ce Ba Ajimi ne ya sa a ɗaura jiya don kada ƙarfen mota ya goge shi. Na ce a raina, ka ji, har ya fara ba da umarni a kan kayan mutane. Shinge biyar muka wuce, kowanne sai an sauko an leƙa cikin jirgin an tambayi ko mene ne wannan, kowanne kuma Ajimi ne ke bayani.

Mun isa da hantsi. Masunta sun taru, da matan da ke ƙyafe kifi, da Malama Dorothy da na'urarta, da 'yan gora biyu, matasan sa-kai masu gadin wurin. Babbansu ya nuna mana wasu busassun itatuwa da ke tsaye cikin ruwa can nesa, ya ce nan ne iyaka. Daga nan zuwa ɗaya gaɓar ba a zuwa, daji ne, kuma duk abin da aka hango ya ƙetare, masu tsaro ba sa tsayawa tambaya. Kowa ya ce ya ji. Ni ma na ji, sai dai ban kawo komai a raina ba, don itatuwan suna da nisa.

Aka tura jirgin ruwa, ya zauna daidai, bai karkata ko'ina ba, ko ɗigo bai shiga ba. Aka kafa ginshiƙi. Kafin Ajimi ya hau sai ya ɗaga hannu ya ce a ɗan saurara. Ya shiga ruwa har gwiwa, ya lalubi igiyar tabarmar nan ya kwance. A jikin katakon an rubuta da farin fenti, da boko da ajami, manyan baƙaƙe: Jirgin Garzali.

"Rediyo ya yi kuskure, ni kuma ba ni da rediyo," in ji shi. "Wannan mutumin shi ya ƙera duk jirgin da na taɓa hawa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba."

Jama'a suka juyo gaba ɗaya suna kallona. Alhaji ya kama hannuna yana girgizawa, Malama Dorothy ta ɗaga abin hotonta, wannan karon ni take nema. Abin da na yi shekara talatin da huɗu ina jira ke nan, ya zo, ni kuwa ginshiƙin kawai nake kallo. Ina da lokaci. Tsakanin maganarsa da hawansa an yi abin da ya kai minti biyar, ana addu'a, ana raba dabino. Da na buɗe baki na ce a dakata akwai gyara, da an tambaye ni wane gyara, da sai in faɗa a gaban mutanen da suka gama shi mini albarka yanzun nan. Na dubi sunana a jikin jirgin, fentin ko gama bushewa bai yi ba, na yi shiru. Wannan shirun ya fi abin da na yi ranar Juma'a muni, na sani.

Ajimi ya hau da masunta biyu, Gambo da wani ƙaninsa. Ya taka daga baya zuwa ginshiƙi, sai na ga ya tsaya, ya dafa itacen, ya ɗan juyo da fuskarsa wajen tudu. Ban san ko yana hango ni da wannan idon nasa ba. Ya daɗe a haka, sannan ya koma baya ya riƙe babban filafilin tuƙi, ya yi bismilla, ya ce a ja igiya.

Ƙyallen ya buɗe, iska ta cika shi, jirgin ya zabura. Wallahi ya yi kyau. Mata suka rangaɗa guɗa, wani tsoho daga cikin masunta ya zauna a ƙasa yana kuka, wai tun yana yaro rabonsa da ganin haka. Iskar daga bayanmu take busowa, tana nufar ɗaya gaɓar, kuma ta fi yadda na zata ƙarfi. Da suka yi nisa Ajimi ya murɗa filafili don ya karkato ya bi gefen gaɓarmu. Jirgin ya ɗan juyo, ya ƙi, ya mayar da goshi inda iska ke so. Ya sake murɗawa, na hango shi ya kwanta a kan filafilin da dukkan jikinsa. Jirgin ya sake ƙi. Ba kewaye yake yi ba kamar yadda na tsara, gudu yake yi kai tsaye zuwa busassun itatuwan nan, goshinsa yana nitsa yana ɗibar ruwa.

Guɗa ta tsaya. Babban ɗan gora ya fara daka tsawa yana kaɗa hannu, ɗayan ya ciro waya yana neman wanda zai gaya wa kada a yi harbi, ya ce babu sabis. Matar Gambo tana wurin da goyo, ta zube a ƙasa tana salati. Ni ina tsaye ina lissafin tazarar da ta rage da idon kafinta, ina ganin tana ƙarewa.

Saura kaɗan su kai itatuwan sai muka ga ƙyallen ya saki gaba ɗaya, ya tashi sama, ya faɗa ruwa can gaba, a hayin da ba a zuwa. Ajimi ne ya sa wuƙa ya yanke igiyoyin, don saukewa a hankali zai ci lokacin da ba su da shi. Ɗinkin wata biyu da lalube ya tafi ke nan, ba mai iya ɗauko shi. Jirgin ya yi sanyi ya tsaya. Da gora da filafili suka dawo, suna fama da iska, sai bayan azahar suka iso, tafin hannun Gambo duk ya saɓule.

Da suka taɓa gaɓa mutane suka matso. Alhaji fuskarsa a murtuke, ya tambayi abin da ya faru, yana duban Ajimi yana dubana. Ajimi bai sauko ba. Ya cire takalmi, ya koma bayan jirgin, ya rufe ido ya fara taku kamar ranar Alhamis. Ya zo daidai inda ya tsaya a wancan karon, daidai wallahi, ko faɗin yatsa bai kuskure ba, ya tsaya. Ni kaɗai na san wurin, ni da shi. Ya buɗe ido ya dube ni. Na ce shi ke nan, yau ranar wanka ce. Sai ya ɗaga ƙafar ya ƙara taku ɗaya, ya ɗora ta a gindin ginshiƙin.

"Nan na taka, Alhaji," ya ce. "Kafinta ya bi ƙafata ne, kamar yadda aka saba. Ƙafar ce ta tsufa. Jirgin ba shi da laifi, a mayar da ginshiƙin baya kamu ɗaya, a nemo wani ya tuƙa."

Nan take na ji maganganu sun fara tashi ƙasa-ƙasa. Allah sarki tsufa. Dama ido ya tafi. Wani matashi ya ce baki dai ya rage, saura kaɗan ya kashe mutane da labarin da. Matar Gambo ta faɗi abin da ba zan maimaita ba. Malama Dorothy ta kashe na'urarta ta sa a jaka a hankali. Abin da na so ke nan, a ga gazawarsa, ga shi na samu har da ƙari, kuma sunana yana nan fari tas a jikin jirgi, ba wanda ya taɓa shi. Ku tambaye ni abin da na ji. Kunya, i, na ji ta. Amma a ƙarƙashin kunyar, Allah ya yafe mini, ƙyashin nan ne dai yake motsi. Na ƙera jirgi ɗari biyu, amma abin da mutumin nan ya yi da taku ɗaya, ni ba zan iya ba ko za a ba ni wata shekara sittin. Ko a nan ma ya fi ni.

A bayan motar da ta kawo jirgin muka dawo, ni da Ajimi kawai, sauran sun shiga ta Alhaji. Muka wuce shinge uku yana kallon hanya. Rigarsa a jiƙe take, yana rawar sanyi, na cire tawa ta sama na miƙa masa, ya karɓa ya ajiye a gefe. Na yi ta juya magana a bakina, duk wadda na ɗauko sai in ga ba ta kai ba. Da muka shigo gari, wajen da zai sauka, sai ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Mala Garzali, da sunan kake so, ai da ka faɗa tun muna Baga. Ni ban san yana damunka ba. Na ɗauka abin mu biyu ne."

Na ce, Ajimi, ka bari in je in gaya wa Alhaji gaskiya.

"Ka gaya masa don me? Mutum ɗaya ya faɗi yau, ya isa. Amma Gambo yana da 'ya'ya huɗu, wannan kai da Allah."

Ya buga jikin mota direba ya tsaya, ya sauka a hankali yana laluben ƙasa da ƙafa, ya shige layinsu. Na mayar da ginshiƙin da hannuna bayan kwana biyu, aka ɗinka wani ƙyalle, wani mutumin Doro, can kusa da Baga, yake tuƙawa yanzu, kuma an ce babu jirgin da ya kai shi biyayya. Duk wanda ya zo daga Alau sai ya biyo ta rumfata ya ce mini jirgin Garzali ya kawo kifi kaza, jirgin Garzali ya yi kaza, in ce madalla. Gindin darbejiyar Mafoni ya watse, mutane ba sa zama jin labarin wanda ya kusa halaka masunta. Sau uku na je gidan 'yarsa. Kowane zuwa yakan fito, ya amsa gaisuwata da kyau, ya tambayi lafiyar Kellu, sannan ya ce bari ya shiga, iska tana damun idonsa.